Gadar taliya: me ya sa ake gina ta don a karya?

Wani maƙwabcinmu a unguwar Mabera, cikin Sakkwato, ya iso majalisa bayan sallar isha'i yana ta faɗa. 'Yarsa da ke aji biyu na babbar sakandare ta dawo daga makaranta da saƙon malamin kimiyya, wai kowace ƙungiya ta kawo ledar taliya ɗaya da gam. Shi ya ɗauka girki za a koya musu. Da yarinyar ta yi masa bayanin cewa gada za su haɗa da taliyar, a rataya mata bokiti, a yi ta ƙara nauyi har sai ta karye, nan ransa ya ɓaci. "Yanzu abincin da munka sawo da kuɗinmu shi za a shafe da gam a kakkarye? Wane irin karatu ne wannan?" Aka yi dariya aka shiga wata hira, amma ba wanda ya ba shi amsa. Tambayar kuwa ta cancanci amsa, har da ɓangarenta na abinci, wanda zan komo kansa.

Ba malamin ne ya ƙago abin ba. Kwalejin Okanagan da ke garin Kelowna a Kanada tana shirya gasar gadar taliya tun 1983, makarantu da jami'o'i a ƙasashe da dama kuma sun ara sun yafa. A rukunin masu ɗaukar nauyi, sharaɗin shi ne gada ta tsallake ratar mita ɗaya, kuma nauyinta kada ya wuce kilo ɗaya. A 2009 wasu ɗalibai biyu daga jami'ar garin Gyor na ƙasar Hangari sun kawo gada mai nauyin giram 982, wadda sai da ta ɗauki kilo 443.58 kafin ta tarwatse. Buhun siminti kilo 50 ne, ke nan saura kaɗan buhu tara, a kan taliyar da ba ta kai leda biyu ba. Ta ɗauki nauyin kanta sau 450 da ɗoriya.

To me ya sa sai taliya, ga kara ko'ina? Yaran ƙasar nan ba baƙin gini da kara ba ne. Wanda ya tashi a Sakkwato ya san motar kara da kejin tsuntsu. Matsalar kara ita ce kowane sille da halinsa: wani kauri, wani siriri, wani tururuwa ta ci cikinsa. In gadar kara ta yi ƙarko, ba ka san ko dabarar yaron ce ko sa'ar kara ya yi ba. Taliyar leda kuwa inji ne ya fitar da ita, tsawonta wajen santimita 25, kaurinta bai wuce milimita biyu ba, nauyin kowane sili kusan giram ɗaya. Duk ajin da kaya iri ɗaya suke aiki, bambancin sai ya koma na tunani. Taliyarmu ta Hausa 'yar murji ba ta shiga wannan lissafin, don a lanƙwashe take bushewa. Dalili na biyu shi ne gautsi. Katako yana da kawaici, za ka yi kuskure ya rufa maka asiri, ya ɗan lotsa ya ci gaba da riƙewa. Taliya ba ta rufa wa kowa asiri. Inda ka yi kuskure nan za ta ɓalle, kuma da nauyin da bai fi ƙarfin bokiti ba.

Duk ilimin da ke cikin aikin ya rataya a kan abu biyu, ja da danni. Ka ɗora katako a kan kwata ka taka tsakiyarsa. Zai lotsa. Fuskarsa ta sama tana matsuwa, ta ƙasa tana miƙewa, tsakiyar kaurinsa kuwa kusan zaman banza take yi. Kowace gada a duniya haka take: wani sashe ana jan sa, wani ana danne shi, aikin injiniya kuma ya san wanne ne wanne kafin ya zuba kaya.

Nan ne taliya ke da abin mamaki. Ka kama sili ɗaya ka ja shi a miƙe ta bakinsa biyu, ba tare da ka karkata hannu ba. Da wuya ka tsinka shi. Yana iya riƙe kilo biyu zuwa uku. Yanzu ka tsayar da shi a kan sikelin da ake awon kayan kek, ka danna shi daga sama da ɗan yatsa. Kafin sikelin ya nuna giram 100 ya gantsare gefe, in ka ƙara kaɗan ya karye. Sili ɗaya ne, amma abin da yake jurewa a ja ya ninka abin da yake jurewa a danni sau da yawa. Kuma ba murƙushewa ya yi ba, zillewa ya yi gefe. Wannan gantsarewar ita ce ke kashe yawancin gadojin ɗalibai.

Wani masanin lissafi ɗan Siwizalan, Leonhard Euler, ya fitar da ƙa'idarta tun 1744, kuma ba ta da wuyar riƙewa. In ka rage tsawon sandar da ake dannewa zuwa rabi, nauyin da za ta jure ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi. In ka yanka silin gida biyar, kowane guntu mai santimita biyar zai jure ninki 25 na abin da dogon ya jure. Kauri ya ma fi haka tasiri: sanda mai kauri ninki biyu tana jure ninki 16. Shi ya sa duk inda aka san danni zai bi, ana son gaɓar ta zama gajera kuma kakkaura, inda ja zai bi kuma siriri dogo ya wadatar. Ɗalibin da ya yi wa kowace gaɓa kauri ɗaya ya ɓarnatar da taliya a wani wuri, ya yi rowarta a inda ake buƙata.

Kaurin kuwa ta hanyar damƙa silla wuri ɗaya ake samunsa, kuma a nan akwai wani lissafi da nake so. Ka ɗauki silla bakwai, ɗaya a tsakiya shida kewaye da shi. In ka ɗaure su a baki biyu kawai ka bar tsakiya sake, kowane sili zai gantsare don kansa, abin da za ka samu ninki bakwai ne. In ka manne su tun daga sama har ƙasa suka zama jiki ɗaya, lissafi ya nuna za su jure kusan ninki 55. Taliyar ba ta ƙaru ba ko sili ɗaya. Mukan ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya, to a wannan aikin maɗauri ɗaya bai isa ba, sai an bi tsawon duka.

Kada a ɗauka wannan wasan yara ne. A ranar 29 ga Agusta 1907, gadar ƙarfe da ake ginawa a kan kogin Saint Lawrence kusa da birnin Kebek na Kanada ta rufta, ma'aikata 75 suka mutu. Binciken da aka yi ya gano cewa manyan gaɓoɓin ƙasa da ke ɗauke da danni ne suka gantsare. An haɗa su ne da faifan ƙarfe da dama, ƙananan ƙarafan da aka saƙa don su riƙe faifan su zama jiki ɗaya kuma ba su da isasshen ƙarfi, ga shi an raina nauyin gadar kanta a lissafi. An ma lura da lanƙwasar tun kafin ranar, aka ci gaba da aiki. Silla bakwai ɗin nan ne da ba a manne da kyau ba, sai dai da dubban tan na ƙarfe da rayukan mutane.

Sai maganar siffa. Ka haɗa tsinke huɗu su yi murabba'i ka tura kusurwa ɗaya, zai karkace ya kwanta ba tare da tsinke ko ɗaya ya karye ba. Ka haɗa uku su yi alwatika, ba yadda za ta canja siffa sai ɗaya ya karye ko mahaɗa ta ɓalle. Masu walda a gari sun san wannan ko ba su taɓa jin sunan Euler ba. Dubi ƙarfen da ake ɗora tankin ruwa a gidaje: ƙafafu huɗu, sai ƙarafan da aka gicciya tsakaninsu. Dubi ƙarfen sabis, dubi turakun babban layin wuta, dubi yadda kafinta ke tokare rafta kafin a buga kwano. Alwatika ce a jere. Gadar Neja ta Anaca da aka gama a 1965 ma irin wannan saƙar ƙarfen ce. Tsarin da ɗalibai suka fi kwaikwayo guda uku ne, masu sunayen waɗanda suka yi musu rajista: na Howe a 1840, na Pratt a 1844, da na Warren a 1848. Ga mai aiki da taliya, na Pratt yana da wata fa'ida, don dogayen gaɓoɓinsa na karkace ja suke ɗauka, gajerun na tsaye su ɗauki danni, daidai da halin kayan. Gadojin da ke cin gasar manya kuwa sukan yi kama da rabin ƙafar keke: kakkauran baka a sama yana ɗaukar danni, siraran silla sun taho daga jikinsa kamar sifok sun haɗu a inda aka rataya nauyin. Wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon soro ya ga bakan da maginanmu ke ɗaurawa da azara da laka, zai gane dalilin da ya sa baka ke raba nauyi zuwa gefe biyu.

Tsayin gadar ma lissafi ne, ba ado ba. A ce ratar santimita 50 ce, an rataya kilo 10 a tsakiya. In tsakanin layin sama da na ƙasa santimita 10 ne, dannin da layin sama zai sha a tsakiya daidai yake da kilo 12.5, ɓangarorin gadar biyu su raba. In aka rage tsayin zuwa santimita biyar, ya koma kilo 25. Sai ɗalibi ya ce to bari in yi ta doguwa sosai. Nan kuma gaɓoɓin tsaye sun yi tsawo, Euler ya dawo, ga gadar ta fara layi. Kuskuren da na fi gani shi ne a ƙawata ɓangaren dama da na hagu da alwatika, a manta da gicciya tsakaninsu ta sama da ta ƙasa. Irin wannan gadar ba karyewa take yi ba tukuna, kwantawa take yi gefe kamar katangar da ruwa ya ci gindinta.

Gam kuma nan ne yanayin Sakkwato ke shigowa da ƙafarsa. Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, ruwa ne a cikinsa, taliya kuma da ta ji ruwa sai ta saki jiki. Dole a shafa kaɗan, a bar shi ya kwana ya bushe. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga yana da sauri, amma yana son wuta, ga nauyi, zafinsa da ya haura digiri 100 yana iya gasa bakin silin, kuma ko bayan ya daskare yana da danƙo. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, gadar da aka bari cikin mota a rufe ko a gindin taga za ta iya sakin mahaɗanta tun kafin a gwada ta. Sufa gulu yana kamawa nan take amma yana da gautsi, kuma yatsun yara ya fi kamawa. Gam mai haɗi biyu irin Araldite shi ya fi ƙarfi, shi ya fi tsada. Na ji wani yana cewa me zai hana a jiƙa ƙaro tunda muna da shi. Ƙaro ruwa yake so kafin ya kama, in ya bushe kuma ya tsattsage, ban ga zai kai labari ba, amma gwada shi gefe da gefe da sauran ma darasi ne. Da damina taliya kan sha laimar iska ta yi laushi, da hunturu ta bushe ƙayau. Malamin da ke son adalci sai ya sa a gina a mako ɗaya, a gwada a rana ɗaya.

Ranar gwaji ba ta buƙatar ɗakin bincike. Tebura biyu da rata tsakaninsu, ɗan katako a kwance a tsakiyar gadar, igiya, bokiti. Ma'aunin da ya fi sauƙi a wurinmu shi ne fiya wata: leda ɗaya rabin lita ce, wato rabin kilo. Ana sakawa ɗaya bayan ɗaya a hankali, aji na ƙirgawa, bokitin kuma kada ya yi nisa da ƙasa. A matsar da yara baya, mai sakawa ya sa tabarau, don busasshiyar taliya ba ta karyewa biyu lami lafiya, gutsattsari take watsawa. Wannan ɗabi'ar tata ma sai a 2005 wasu masana biyu a Faransa suka yi bayaninta: da zarar sili ya karye, girgizar da ke bin jikinsa takan sake karya shi a wani wurin. Sakamako kuma kada a tsaya ga wadda ta fi ɗaukar nauyi, in ba haka ba wanda ya fi zuba taliya da gam shi zai ci. A auna gadar tukuna, a raba nauyin da ta ɗauka da nata nauyin. Gada mai giram 200 da ta ɗauki kilo 10 ta yi ninki 50. Mai giram 500 da ta ɗauki kilo 15 ninki 30 ta yi, ko da ta fi burge 'yan kallo.

Ga inda nake ganin makarantunmu ke sakin hanya. Mun saba da baje kolin kimiyya inda ake jera kayan ɗalibai a tebur, a yi musu fenti, babban baƙo ya zagaya ya yi tafi, a ɗauki hoto. Sau da yawa ma kowa ya san wani yaya ne ko kafintan unguwa ya haɗa. Gadar taliyar da aka yi wa haka aka mayar kabad ba ta koyar da komai ba. Kafin a saka leda ta farko, kowace ƙungiya ta rubuta a takarda nauyin da take zaton gadarta za ta ɗauka, ta kuma sa alama da biro a gaɓar da take zaton za ta fara ɓallewa. A ɗauki bidiyo da waya, a dawo da shi a hankali. Gaɓar sama ce ta gantsare? Mahaɗa ce ta saki? Ko gefe ta kwanta? Ni da zan ba da maki, ƙungiyar da gadarta ta karye da wuri amma a daidai inda ta nuna, ta fi wadda tata ta daɗe ba ta san dalili ba. Sannan a ba su dama su sake ginawa. Kulob ɗin kimiyya na JETS da ke makarantun sakandare da yawa ya isa ya ɗauki wannan a zango ɗaya.

Akwai kuma abin da taliya ba za ta koyar ba, gara malami ya faɗa da bakinsa. Na farko, girma. Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya nuna tun 1638 cewa in ka ninka abu sau goma ta kowane gefe, ƙarfin gaɓoɓinsa ninki 100 zai yi, nauyinsa kuwa ninki 1,000. Ƙaramar gada ba ta jin nauyin kanta, babba kuwa kafin mota ta hau ta riga ta ɗauki kaya. Na biyu, gadojin da muke hawa kullum, irin na sama da ke Runjin Sambo da Rijiyar Ɗorawa, kankare ne, halinsa kuma kishiyar na siririyar taliya ne: yana jure danni ƙwarai, amma a ja bai wuce kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Dalilin rodi ke nan, kuma dalilin da ya sa a linta ake kwantar da manyan rodi ta ƙasa. Yarinyar da ta gane inda ja ke bi a gadar taliyarta za ta gane wannan da kallo ɗaya, ranar da ake zuba linta a gidansu. Na uku, ruwa. Mutanen garin nan ba su manta ambaliyar Satumban 2010 ba, lokacin da kogin Rima ya yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta wajen Kwalkwalawa, tsallakawa ta koma sai da kwalekwale. Gadojin kogi da yawa ba nauyin mota ke kayar da su ba, ruwa ne ke kwashe ƙasar da ke gindin ginshiƙai da bakin gada. Tebura biyu na aji ba su da kogi a ƙarƙashinsu.

Saura maganar maƙwabcina. Ba zan ce masa ba shi da gaskiya ba. An raine mu a kan cewa ko ƙwayar hatsi aka gani a ƙasa a ɗauke, kuma a wannan tsadar akwai gidajen da ledar taliya ɗaya abincin dare ce. Taliyar da ta sha gam ba ta ciwuwa, ko kaji bai kamata a watsa wa ba. Amma ana iya rage ɓarnar sosai. Gada mai ratar santimita 40 zuwa 50 ba ta buƙatar fiye da rabin leda, ƙungiyar yara biyar kuma ta raba kuɗin, ko makaranta ta saya daga kuɗin kayan gwaji maimakon a aika gida. Masu shaguna a Tsohuwar Kasuwa kan samu ledar da wa'adinta ya wuce ko ƙwari suka fara taɓawa, wadda dama ba ta sayuwa. In sillan ba su rube ba ta wadatar, muddin duk ajin daga kwali ɗaya aka raba musu. Inda iyaye suka ƙi sam, tsinken tsire na gora da ake sayarwa a ƙulle yana aiki, don shi ma kusan kai ɗaya yake. Sai dai ya fi taliya ƙarfi nesa, bokitin fiya wata ba zai karya shi da wuri ba, sai an faɗaɗa ratar ko an koma awo da yashi, kuma yawanci a mahaɗa zai saki, ba a tsakiyar gaɓa ba, don haka gantsarewar da ake son yara su gani da idonsu ba za ta fito sosai ba.

Da na yi masa wannan bayanin washegari, bai ce ya yarda ba. Ya dai tambaye ni rabin leda nawa take kamawa in an raba wa mutum biyar, sannan ya ce in ranar gwajin ta zo a gaya masa, yana so ya ga ko a inda yarinyar ta sa alamar biro za ta karye.